Sugan da Baba Bai Sha Ba

A wani lungu na Tudun Wada, ba nisa da Kasuwar Barci, akwai wani dattijon tela da ya ba shekara sittin baya. Da can ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Da injinan suka yi shiru sai ya koma kan keken ɗinki, kuma da wannan keke ya riƙe gida har ya aurar da 'ya'ya. Shekara tara ke nan yana shan maganin hawan jini, bara kuma aka ƙara masa da labarin ciwon suga. Tun daga nan, kowace safiya idan ya dawo daga masallaci sai ya zauna a bakin gado, ya soki ɗan yatsansa, ya ɗiga jini a kan tsinken awo, ya zuba wa na'ura ido.

Wata safiyar Asabar na'urar ta nuna 8.6, alhali likita ya gaya masa awon safe ya kamata ya tsaya ƙasa da 7. Sai ya ƙwala wa babbar 'yarsa kira, wadda ta kwana a gidan. Malamar ilimin halittu ce a wata sakandare, kuma ita ke sayen maganinsa duk ƙarshen wata.

"Mamana, zo ki gani. Rabona da abinci tun bayan isha'i, shi ma tuwo ne malmala ɗaya. Shayi na daina sa masa suga tun watan jiya. To wannan daga ina ya fito?"

Kafin ta amsa, idonta ya kai kan robar da yake ajiye magani. Kala uku ne a ciki: amlodipine, metformin da losartan. Biyun farko an ci rabinsu. Losartan kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalla ba.

Bai ɓoye mata dalili ba. Tun daga tsakiyar 2023, da darajar naira ta faɗi, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuma ya san albashinta bai motsa ba. "Biyu na hawan jini ne, ɗaya na suga. Mutum ɗaya, ciwo biyu, me zai yi da magani uku? Na ce a ajiye wannan, wata mai zuwa ki huta da sayensa." Ya ƙara da cewa yaron kemis ɗin bakin titi ma ya ba shi wata shawara daban: wai ya gani a waya cewa losartan yana sauke suga, saboda haka metformin ne ya kamata a ajiye.

Shawarar farko ta ɗauki hawan jini da ciwon suga a matsayin baƙi biyu da ba su san juna ba. Ta biyu ta ɗauke su a matsayin abu ɗaya. Duka biyun kuskure ne, kuma wurin da kuskuren yake shi ne inda amsar tambayar dattijon take: ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

Rumbun da ke buɗewa da dare

Hantar babban mutum takan kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma cikin ayyukanta masu yawa akwai aikin rumbu. Ƙwaƙwalwa ba ta hutu. Ko mutum yana barci tana buƙatar gulukos, kimanin giram 120 a kowace rana. Tunda ba a cin abinci dare da rana, dole a sami mai ajiya. Idan aka ci tuwo, hanji ya narkar da shi zuwa gulukos, sai hanta ta kwashi wani kaso ta ƙulla shi dami-dami a matsayin gilaikojin, har wajen giram 100. Da dare ya raba sai ta fara kwance daman tana zuba wa jini. Idan suka yi ƙasa, tana iya ƙera sabon gulukos daga wasu abubuwan da tsoka da kitse ke aiko mata.

Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya fara gano haka. Ya tarar da suga a jinin da ke fitowa daga hantar karnukan da nama kawai ake ba su, sannan a 1857 ya ware gilaikojin ɗin kansa. Tambayar telan Tudun Wada ita ce tambayar da Bernard ya yi wa karnukansa: ba a ci ba, daga ina?

Mai ba da umarnin rufe rumbu shi ne insulin, wanda fankiriyas ke fitarwa. Mai ba da umarnin buɗewa kuwa gulukagon ne, tare da wasu sinadaran da ke ƙaruwa gab da asuba don shirya jiki ya tashi. A ciwon suga nau'i na biyu, hanta takan zama mai nauyin ji: insulin yana cewa a rufe, ita tana ta zubawa. Shi ya sa awon safe ke hawa ga wanda ya kwana da ciki ba nauyi. Babban aikin metformin kuwa shi ne rage wannan zubar da hanta ke yi. Ajiye shi daidai yake da sallamar mai gadin rumbu.

Har nan malamar ta san darasin, don tana koyar da shi. Abin da ya hana ta sakat shi ne maganar yaron kemis. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya haɗa maganin hawan jini da suga?

Bandir da almakashi biyu

A 1898, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka tace ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomon allurarsa, sai jininsa ya hau. Suka sa wa abin da ke cikin ruwan suna renin. Aka yi shekaru ba wanda ya kula. A 1934 Harry Goldblatt, a Cleveland ta Amurka, ya matse jijiyar da ke kai wa ƙodar kare jini, karen ya kamu da hawan jini mai ɗorewa. Wajen 1939 zuwa 1940 tawagar Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka suka gano, kowace a nata ɓangaren, cewa renin ba shi ke matse jijiyoyi da kansa ba. Wani abu yake yankawa a cikin jini. Kowa ya ba abin nasa sunan, sai a 1958 suka haɗa sunayen biyu ya zama anjiyotensin.

Da yamma ta sami mahaifinta a shago, ta yi masa bayani da abin da ke gabansa. Hanta, in ji ta, tana saƙa wani dogon furotin mai suna anjiyotensinojin tana sakinsa cikin jini ba dare ba rana, kamar bandir ɗin yadi da ba a taɓa ba. Ƙullinsa ya haura 450, kuma a haka ba ya yin komai. Idan ƙoda ta ji jini ya yi ƙasa, ko ruwa da gishiri sun ragu, sai ta saki renin, almakashi na farko, ya yanko ƙulli 10 daga bakin bandir ɗin. Wannan ƙyalle shi ne anjiyotensin na ɗaya. Almakashi na biyu, mai suna ACE, wanda ya fi yawa a jijiyoyin huhu, ya datse ƙulli 2. Takwas ɗin da suka rage su ne anjiyotensin na biyu, kuma shi ne mai aikin: yana matse jijiyoyin jini, yana sa a fitar da aldostiron don ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, yana tayar da ƙishirwa.

Dattijon ya ajiye almakashinsa. "Ke nan yadin ma na hanta ne?"

Nata ne. Gaɓar da ke ajiye suga ita ce ke samar da ɗanyen kayan da ake ƙera abin hawan jini da shi. Kuma ba a nan alaƙar ta tsaya ba, domin ƙyallen da aka yanka yana zagayowa ya ƙwanƙwasa ƙofar masaƙar da ta saƙa shi.

Cikin ƙwayar hanta

A jikin kowace ƙwayar hanta akwai wasu ƙananan kwaɗuna da ake kira AT1, waɗanda anjiyotensin na biyu ne mabuɗinsu. A shekarun 1970 masu bincike a Turai da Amurka suka raba ƙwayoyin hantar ɓera suka zuba musu shi, sai suka ga gulukos yana fitowa cikin 'yan mintoci. Da mabuɗin ya shiga kwaɗo, kalsiyam ɗin da ke ɓoye a ma'ajiyar ƙwayar yakan tumbatso, ya tayar da sinadarin da ke kwance daman gilaikojin. Hanyar ƙera sabon gulukos ma takan ƙara sauri. Abin lura shi ne wannan ƙofa daban ce da wadda gulukagon ya saba bi. Rumbun yana da ƙofar baya.

Wannan tsari ba aibi ba ne a halitta. Mutumin da ya zubar da jini, ko wanda ƙishirwa ta kama a daji, abu biyu yake bukata nan take: jininsa kada ya faɗi, ƙwaƙwalwarsa da tsokarsa kada su rasa makamashi. Saƙo ɗaya ya biya bukata biyu. Matsalar tana zuwa ne idan ƙararrawar gaggawa ta ƙi yin shiru, wata da watanni, a jikin wanda ke zaune kan keken ɗinki daga hantsi zuwa magariba.

A irin wannan hali ɓarna ta biyu ke shigowa, kuma ta fi ta farko illa. Idan insulin ya isa ƙwayar hanta, ba da kansa yake shiga ba. Yakan miƙa saƙo ga wani furotin ɗan aike da ake kira IRS, shi kuma ya kai ciki. Tun tsakiyar shekarun 1990 bincike ya nuna cewa anjiyotensin na biyu yana sa a liƙa wa wannan ɗan aike alama a inda bai dace ba, sai saƙon ya isa da rauni. Yana kuma tayar da wasu sinadarai masu cin jikin ƙwaya kamar tsatsa, su ma su ƙara toshe hanyar. Sakamakon shi ne nauyin jin nan da aka ambata: fankiriyas yana ƙara ɗaga murya, hanta tana ci gaba da zuba suga, kitse kuma yana taruwa a cikinta. Idan aka daɗe a haka, wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke kwance tsakanin ƙwayoyin hanta sukan farka, su ma da taimakon anjiyotensin ɗin, su fara saƙa tabo.

Tumbi ma yana da hannu a ciki, domin kitsen jiki yana samar da nasa anjiyotensinojin. A wajen hanta kuma, matsewar ƙananan jijiyoyi tana rage jinin da ke kai insulin da gulukos ga tsoka, sannan aldostiron yana zubar da fotashiyam, wanda fankiriyas ke bukata don sakin insulin yadda ya kamata.

Tsarin yana da nasa burki. A shekarar 2000 aka gano almakashi na uku, ACE2, wanda ke datse ƙulli ɗaya daga takwas ɗin nan. Bakwai ɗin da suka rage aikinsu kishiyar na takwas ne: suna sassauta jijiyoyi, kuma a gwajin ɓeraye an ga suna rage ƙera gulukos a hanta. Duniya ta ji sunan ACE2 a 2020, domin shi ne ƙofar da ƙwayar cutar korona ke bi ta shiga jikin mutum.

Daga ɓera zuwa mutum

Magungunan da ke toshe wannan tsari asalinsu daga dafin maciji ne. A 1965 wani masani ɗan Barazil, Sérgio Ferreira, ya gano wani abu a dafin macijin jararaca, dangin kasa da kububuwa, wanda daga baya aka tabbatar yana dakushe almakashi na biyu. A kan wannan aka gina captopril, wanda Amurka ta amince da shi a 1981. Lisinopril da ramipril da perindopril ƙannensa ne. Losartan ya zo a 1995 da wata dabara: maimakon dakushe almakashi, sai ya toshe kwaɗon AT1 ɗin kansa.

Idan duk abin da aka gani a ƙwayoyin ɓera gaskiya ne ga mutum, ya kamata masu shan waɗannan magunguna su rage kamuwa da ciwon suga. An gwada. A gwajin LIFE na 2002, masu hawan jinin da suka sha losartan sun kamu da ciwon suga ƙasa da masu shan atenolol da kusan kashi 25 cikin 100, sai dai wani ɓangare na tazarar daga atenolol ɗin ne, don shi kansa yana ɗan ɗaga suga. A 2006 gwajin DREAM, wanda aka shirya musamman don wannan tambaya, ya ba masu gab da kamuwa ramipril na shekara uku. Bai hana ciwon ba a ma'aunin da masana ke karɓa, ko da yake sugan wasu ya koma daidai. A 2010 gwajin NAVIGATOR ya sami ragin kashi 14 cikin 100 da valsartan.

Ke nan alaƙar tana nan, amma siririya ce. Ta isa ta sa likita ya fifita wannan dangin magani ga mai hawan jinin da sugansa ke leƙowa. Ba ta isa ta mai da losartan maganin suga ba. A jikin mutum, manyan masu riƙe da mabuɗan rumbu har yanzu insulin ne da gulukagon. Anjiyotensin mai tura ƙofa ne daga baya. Yaron kemis ya tsinci guntun gaskiya ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Saura shawarar dattijon: tunda biyu na hawan jini ne, a bar ɗaya. Ita ma tana da ƙamshin hujja. Baƙaƙen fata da yawa masu hawan jini renin ɗinsu a ƙasa yake, domin jikinsu ya fi riƙe gishiri, gishiri kuwa yana danne renin. Shi ya sa irin su lisinopril da losartan, idan su kaɗai aka ba su, ba su cika sauke jinin ɗan Afirka kamar amlodipine ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2019 aka wallafa gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, da mutum 728 daga ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya. An kwatanta haɗi uku na magani bibbiyu na tsawon wata shida, kuma haɗin da ke da amlodipine a ciki, ko da perindopril ko da maganin sa fitsari, ya fi wanda babu shi. Abin da ke cikin robar telan, amlodipine da mai toshe anjiyotensin, ɗan uwan wannan haɗi ne.

Abin da fitsari ya faɗa

Ranar Litinin suka yi sammako zuwa Asibitin Yusuf Ɗantsoho, wanda ke nan cikin Tudun Wada. Likitar da ta gan su ta buɗe fayil ta nuna wa malamar wani awo da aka yi wata huɗu baya, wanda mahaifinta bai taɓa ambata ba don bai san muhimmancinsa ba. An sami furotin a fitsarinsa.

"Baba, ba don jini kaɗai na rubuta maka losartan ba," in ji ta. "Don ƙodarka ne."

A cikin ƙoda akwai ɗaruruwan dubban ƙananan matatai. Anjiyotensin na biyu yana matse jijiyar da ke fita daga kowace matata, sai ƙarfin jini ya ƙaru a cikinta. Idan suga ya riga ya raunana rariyar, wannan matsi yakan sa ta fara yoyon furotin, daga nan ta mutu a hankali ba tare da ciwo ko alama ba. A 2001 gwajin RENAAL, da mutum 1,513 masu ciwon suga da ƙodarsu ta fara taɓuwa, ya nuna losartan ya rage kaiwa ga mutuwar ƙoda da kashi 28 cikin 100. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, ya san me wannan adadi ke nufi ga gida irin na tela. Ƙwayar da dattijon ya ajiye don ya sauƙaƙa wa 'yarsa ita ce ke tsakaninsu da kuɗin da albashinta na shekara ba zai biya ba.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta rubuta sunan maganin na asali maimakon na kamfani, ta ce a nemi mai araha muddin yana da lambar NAFDAC. Ta ce a auna fotashiyam da aikin ƙoda bayan mako biyu da komawa kansa, domin wannan dangin magani yana iya ɗaga fotashiyam. Ta ce idan amai ko gudawa suka kama shi, musamman a zafin Maris da Afrilu ko cikin azumi, ya zo kafin ya ci gaba da sha. Ta juya ga malamar ta ce ko da wasa kada mai ciki ta taɓa shi. Sannan ta tambayi abin da yake sha idan bayansa ya ƙage a kan keke. Ya zaro diclofenac daga aljihu. Ta karɓe, ta ce wannan da losartan idan suka haɗu a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙoda ce ke biyan bashin.

Maganar ƙarshe ta tukunya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi. Kanwa ma sodiyam ce. Ga mai jiki irin nasa, rage gishiri yana sauke jini, yana kuma ƙara wa losartan ƙarfi. Tafiya da ƙafa da rage tumbi su ne ke sauke kitsen hanta su maido mata da jinta, kuma babu ƙwayar da ke cikin robar da za ta yi masa wannan aikin.

An yi wata biyu. Magi ya ragu a miyar gidan, daddawa ta ƙaru. Dattijon ya daina hawa Keke Napep zuwa shago. Yakan taka, ya tsaya gaisawa a hanya sau biyar ko shida. Har yanzu kuɗin magani yana cin kaso mai tsoka na albashin malamar, kuma furotin ɗin fitsari sai awo na gaba zai nuna ko ya ja baya.

Wata safiya na'urar ta nuna 7.3. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa 'yarsa.

"Ta ragu, amma ba ta daina ba. Mamana, ki gaya wa hantar nan ba yunwa ake yi a gidan nan ba."

Ya ɓalli ƙwayoyi uku ya kora da ruwa, ya ɗauki hularsa. Sallah ta matso, ɗinkin mutane na jiransa a shago.